Yadda za ku tsaya wa ɗan'uwa mai ciwon ajali a gidan gyaran hali

Idan labari ya iske ku cewa ciwo ya ci ƙarfin ɗan'uwanku da ke tsare a gidan gyaran hali na Birnin Kebbi, Argungu ko Zuru, ku fara da neman rahoton likita a rubuce, domin duk ofishin da za ku shiga daga baya wannan takardar za a tambaye ku. Ku gana da shugaban gidan, ku roƙi a kai shi asibiti irin na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi idan jinyar ta fi ƙarfin ɗakin shan magani na ciki. Roƙon yana da madogara, domin Ƙa'idojin Mandela kan kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun tanadi cewa fursuna ya sami kulawar lafiya daidai da ta wanda ke waje.

Daga nan ku tantance matsayinsa. Mai jiran shari'a, lauya zai nema masa beli bisa dalilin rashin lafiya. Wanda aka yanke wa hukunci kan karya dokar jiha kuwa, Sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yi masa afuwa bayan ya tuntuɓi kwamitin ba da shawara, yayin da laifin tarayya ke hannun shugaban ƙasa a ƙarƙashin Sashe na 175. Ku shigar da takardar neman afuwar ko belin da wuri, domin tana ɗaukar lokaci kafin ta kai teburin da ya dace, kuma jin kunyar laifin da ya aikata bai kamata ya sa a yi jinkiri ba.

Kafin amsa ta fito, jinya ce a gabanku. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugunsa da diddigensa kada gyambon kwanciya ya ɓullo. Idan ya daina karɓar abinci kada a ɗura masa. Cokalin kunu mai ruwa-ruwa, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka shafa masa a leɓe, ya wadatar. Ku gaya wa likita ƙarara idan zafin ciwo na hana shi barci.

Tun yana cikin hayyacinsa, ku saurari wasiyyarsa, ku rubuta bashin da ake bin sa, ku isar da saƙonsa ga waɗanda yake neman yafiyarsu. Ku nemi izini malami ya riƙa zuwa, a tuna masa kalmar shahada cikin taushin murya ba tare da matsa masa ba. Ku kuma bar wa gandirobobi lambar wayar mutum guda tsayayye, domin idan rai ya yi halinsa akwai takardun da ake cikawa kafin a miƙa gawa a yi mata sutura.