Kafin Takardar Ɗaukar Aiki Ta Zo

Na gama bautar ƙasa a ƙarshen 2020. Alawus ɗin naira dubu 33 da na saba gani duk wata ya tsaya cak, na tattaro takarduna na dawo ɗakin soro a gidanmu da ke Ɗorayi, a Kano. Wata goma sha huɗu na yi ina zaman jira. Rashin kuɗi da ciwo, amma gaisuwar safe ta fi yi mini nauyi: in durƙusa gaban Baba, ya amsa, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah Ya kawo mafita." Idan kana cikin wannan hali yanzu, ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, zan faɗi abin da na yi har na fita, da abin da na yi wanda ba na so kowa ya maimaita.

Bari in fara da na biyun. Wani mutum da ake ganin girmansa a unguwa ya ce akwai gurbi a wata hukuma a Abuja, amma sai an ba da naira dubu 150 "na masu sa hannu". Umma ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba ni. Har yau ba takarda, ba kuɗi. Aikin gaskiya shi ke biyan ka. Duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin fom, kuɗin rajista, kuɗin horo ko kuɗin "riƙe maka gurbi", tashi ka ba shi wuri, ko da kuwa a sahun gaba yake salla. Na san ana cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai uwar da za a saya da kuɗin adashi ba uwa ba ce.

Bayan wannan asarar na zauna da takarda da biro na yi wa kaina tambaya ɗaya: me na iya wanda wani zai biya ni a kansa a cikin wannan makon? Kai ma ka yi haka. Ajiye digiri gefe tukuna. Ni Kimiyyar Siyasa na karanta, kuma babu wanda zai ba ni ko sisi a Ɗorayi don in yi masa bayanin tsarin tarayya. Abin da ya rage a takardar guda huɗu ne: ina buga rubutu da sauri a kwamfuta, na ɗan san Excel, na iya lissafin firamare, kuma ina rubuta Hausa daidai. Da waɗannan huɗun nake ci har yau.

Kuɗin farko a kusa yake, wurin mutanen da suka san fuskarka. Na fara da lesin: yara biyar na maƙwabta, bayan la'asar a ranakun da ba Islamiyya, a kan tabarma a soro. Kuɗin kaɗan ne, amma yana saya mini data, ya kuma raba ni da miƙa hannu. Kada ka raina wannan. Mutumin da ba shi da kuɗin mota a aljihu ba ya iya haƙuri, kuma marar haƙuri shi ɗan damfara ke nema.

Daga nan yayana ya haɗa ni da wani abokinsa mai shago a Kantin Kwari. Yana da atamfa da shadda da leshi har rufi, amma ba shi da lokacin waya. Na ce masa, "Alhaji, ka bar ni in riƙa ɗaukar hoton kaya ina sakawa a WhatsApp da Facebook da Instagram, in amsa wa masu tambaya, in kai saƙo tasha. Duk turmin da ya fita ta hannuna, ka ba ni kamasho." Ya yarda saboda bai yi asarar komai ba. Abin da na koya a wurin: ka ɗauki hoto a hasken rana a bakin shago, don fitila tana canza launin atamfa, kuma kaya ya dawo saboda launi babban abin kunya ne. Ka rubuta farashi a jikin hoton. Ka amsa saƙo da wuri. Sannan ku yanke kamasho tun kafin a sayar da turmi na farko, ka riƙa rubuta kowane ciniki a littafi da kwanan wata, shi ma ya gani. Irin wannan aiki yana nan a Singa, a Wambai, a Farm Centre, da kowace kasuwa ta garinku.

Wani abu da ya canza mini lamari shi ne yadda nake faɗin buƙatata. A da, in na haɗu da manya a ɗaurin aure, sai in ce, "Ranka ya daɗe, ina neman aiki." Sai a ce Allah Ya taimaka, magana ta ƙare. Wannan jumla ba ta ba mutum abin da zai kama. Da na koma cewa, "Ina shigar da lissafin shago a kwamfuta, ina kuma fassara takardu daga Turanci zuwa Hausa, in an ji mai buƙata a tuna da ni," sai aka fara kirana.

Ban ce ka daina neman aikin albashi ba. Ka dai ware masa lokaci, kada ya cinye maka mako. Ni safiyar Litinin da ta Alhamis nake dubawa: Jobberman, LinkedIn, da ReliefWeb don ayyukan ƙungiyoyin agaji, waɗanda da yawansu a Maiduguri da Damaturu da Yola suke. CV kada ta wuce shafi biyu, a tura ta a PDF, kuma adireshin imel ya zama sunanka na gaskiya. Ka koyi manhajar KoboToolbox, kwana biyu sun isa, domin da ita ƙungiyoyi da yawa ke tattara bayanai a ƙauyuka, kuma sukan ɗauki matasa masu jin Hausa na mako ɗaya ko biyu. In kana son horo kyauta, ka sa ido kan shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Yanzu maganar aiki ta intanet, wadda na san ita mafi yawanku ke son ji. Gaskiya ne ana samun dala daga cikin ɗaki. Gaskiya ne kuma cewa tana da jinkiri: na yi kusan wata uku da buɗe asusu kafin wani ya ba ni aikin farko, na dala 15. Shi ya sa na fara da lesin da Kwari. Su suka riƙe ni a watannin shirun.

Waya za ta iya fara maka, amma aiki mai tsawo sai da laftof. Tawa ta hannu ce, na saye ta a Titin Beirut da tarin kamasho. In za ka saya, tafi da wanda ya sani, kuma batiri za ka fi dubawa, don wuta ba ta da tabbas. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban, in ɗaya ya ɗauke ka koma ɗayan. Ka kuma san wurin da za ka ruga in komai ya mutu ranar miƙa aiki: shagon caji, gidan abokin da ke da sola, ko shagon kwamfuta. Wanda ya ba ka aiki daga Landan ba ruwansa da taransifomar unguwarku.

Ka zaɓi sana'a ɗaya. Wanda ya rubuta a shafinsa cewa yana zane, yana fassara, yana gina manhaja, yana haɗa bidiyo, ba mai yarda da shi. A zane da Canva ko haɗa bidiyo da CapCut, kana gasa da dubban mutane daga Indiya da Pakistan da Filifin, waɗanda suka riga ka shekaru. A Hausa kuwa, layin gajere ne. Ƙungiyoyin lafiya suna son a fassara musu saƙonnin rigakafi. Masu bincike suna da hirarrakin da aka naɗa a ƙauye suna son a mayar da su rubutu. Masu bidiyo suna son rubutun ƙasan allo. Kamfanonin fasaha suna son a naɗa musu murya, ko a duba abin da na'ura ta fassara a gyara.

Sai dai jin Hausa daban, rubuta ta daban, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Wanda bai damu da bambancin baki da baƙi ba, ko kasa da ƙasa, ko kafa da ƙafa, aiki ɗaya zai yi a sallame shi, domin kamfanonin fassara sukan ba wani Bahaushen ya duba aikinka. Ka saka Hausa a allon rubutun wayarka, Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ. Ka san cewa "za ka" a rabe ake rubuta shi, "yana" a haɗe. Ka nemi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa na sakandare ka sake bi. Kuma ka fassara ma'ana: in ka karanta wa Umma abin da ka rubuta ta ce "me ake nufi?", to da sauran aiki. Ni har yanzu ita nake karanta wa duk saƙon lafiya kafin in miƙa.

Za a tambaye ka aikin da ka taɓa yi, alhali ba ka taɓa yi ba. Mafita ita ce ka ƙirƙiri shaidarka. Ka fassara gajerun rubutu uku, ɗaya na lafiya, ɗaya na noma, ɗaya na kasuwanci, ka jera Turancin da Hausar gefe da gefe. Ka rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa. Ka yi aikin sa kai da Translators without Borders, su ne suka fara nuna mini yadda manhajojin fassara ke aiki. Bayan wata ɗaya kana da abin nunawa.

Sai kasuwar kanta. A dandalin intanet na Fiverr kai ke baje hajarka a zo a saya. Suna cire kashi 20 cikin 100, kuma sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 kafin kuɗin ya zama nasa, don haka ka sa wannan a lissafin farashinka. A Upwork kai ke bin aikin da aka tallata, kuma kowace nema tana cin wasu maki da ake saye da kuɗi, saboda haka kada ka watsa su barkatai. ProZ kuwa dandalin masu fassara ne, kuma ta nan na samu kamfanin da ya fi daɗewa yana ba ni aiki. In za ka nemi aiki, bar doguwar gaisuwa da labarin halin da kake ciki. Layi huɗu ko biyar: na karanta abin da kake so, ga irinsa da na yi, zan gama ranar kaza, ga tambaya ɗaya game da waɗanda za su karanta. Tambayar nan ita ke nuna ka karanta tallar da gaske.

Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Fassara da kalma ake lissafa ta, kuma ni in na wuce kalma 2,000 a rana, inganci yana raguwa. Hirar awa ɗaya takan ci mini awa biyar kafin ta zama rubutu, in kuma a kasuwa aka naɗa ta, ko tsofaffi ne ke magana da karin Sakkwato ko Katsina, ta fi haka. Ka saurari ɗan yanki kafin ka yanka farashi. Gyaran fassarar na'ura kuma ana biyan sa ƙasa da fassara, alhali wani lokacin sai ka goge komai ka sake. Ka nemi ganin samfuri tukuna. Ka kuma tambayi agogon wace ƙasa ake nufi da lokacin miƙa aiki, don New York tana bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara.

Tun kafin aikin farko ka shirya hanyar karɓar kuɗi. Ni Payoneer nake amfani da ita, daga nan zuwa bankina. Sunan da ke kan NIN da BVN da asusun aikinka su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe maka kuɗi makonni. Kada ka sayi asusun wani, kada kuma ka ɓoye ƙasarka ka ce kana Amurka. Ranar da aka nemi ka nuna fuska da katin shaida, asusun da kuɗin ciki duk sun tafi.

'Yan damfara sun fi masu ba da aiki saurin amsawa. Saƙon da ya shigo WhatsApp ko Telegram yana cewa ka danna wa bidiyo alamar so a biya ka, za su biya ka ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu, sannan su ce ka zuba naka don ka hau mataki. Hanyar da damfarar zuba kuɗi ta MMM ta bi ke nan har ta tsaya a Disambar 2016, ita CBEX ta bi har ta rufe a Afrilun 2025. Wanda ya fi haɗari shi ne mai cewa zai turo kuɗi asusunka ka cire kasonka ka tura wa wani sauran. Kuɗin sata ne, kuma sunanka hukuma za ta gani. Sabon mai ba da aiki da ya matsa ku bar dandalin ku koma magana a gefe, shi ma ka yi hattara. In dole ne, rabin kuɗi kafin ka fara.

Saura gida. Mutanen gida suna ganin wanda ke ɗaki a gaban kwamfuta ba ya komai, don haka kai ne ɗan aike: cefane, kai yara asibiti, ɗauko baƙo a tasha. Na samu Umma na ce mata daga ƙarfe takwas zuwa azahar ina wurin aiki ko da tana ganina, bayan nan duk aiken da take da shi nawa ne. Da kuɗin farko ya shigo na saya mata buhun gawayi da man girki, tun daga ranar ita ke korar yara daga ƙofar soro. Ke da ke gidan aure, ki yi irin wannan magana da maigida tun farko, ki nuna masa abin da kike yi da waɗanda kike yi wa, ki zaɓi sa'o'in da yara ke makaranta.

Kuɗin intanet ba albashi ba ne. Wani watan aiki ya yi maka yawa har ka ƙi wani, wani watan shiru kamar an ɗauke ruwa. Duk abin da ya shigo, nakan fara cire kuɗin data na wata biyu da na gyaran laftof in ajiye a asusun da ba shi da kati. Kuma ban saki ƙananan ayyukana da wuri ba. Sai da fassara ta riƙe ni wata shida a jere sannan na bar zuwa Kwari kullum. Yaran lesin kuwa na miƙa su ga ƙanina da ya gama NCE bara, sun zama tara yanzu, a kan tabarmar nan dai ta soro.