Idan ka sauka Jamus da Turanci kaɗai a bakinka, ga inda za ka fara

Yawancin 'yan uwanmu da ke zuwa Jamus karatu ko aiki suna tahowa ne da tunanin ai Turanci ya wadatar, tunda kwas ɗin da Turanci ake koyarwa. A Berlin ko Frankfurt ƙila ka lallaɓa, amma in garinka irin su Magdeburg ne ko Kassel ko Ilmenau, toh tun satin farko za ka gane Turancinka iyakarsa ƙofar jami'a. Shi gari da Jamusanci yake tafiya, kuma komai nasu a takarda yake.

Kafin komai ka samu adireshi. Dokarsu ta ce cikin kwana 14 da tarewarka ka je ofishin rajistar mazauna gari, Bürgeramt ko Einwohnermeldeamt, ka yi abin da suke kira Anmeldung. Za ka tafi da fasfo da wata takarda da mai gida zai sa wa hannu ya tabbatar a gidansa kake. Shi ya sa duk ɗakin da za ka kama, kafin ka biya ko sisi ka tambaya, za a iya Anmeldung a nan? In mai ɗakin ya fara kame-kame ka haƙura ka nemi wani komai arhansa, don in babu wannan rajistar lambar haraji ba za ta zo ba, bankuna da yawa ba za su buɗe maka asusu ba, ofishin baƙi ma da za su ba ka izinin zama sai sun ga adireshi. Kuma galibi ba a zuwa ofis haka kawai, sai ka kama lokaci ta intanet, in ka ga babu gurbi ka riƙa leƙawa da sassafe don mutane na sokewa.

Ga wani ɗan abu da ke wahalar da sababbin zuwa sosai, wallahi har tausayi suke ba ni. Mai raba wasiƙa a Jamus ba lambar ɗaki yake bi ba, suna yake dubawa a jikin akwatin wasiƙa da ke ƙofar shiga. Ranar da ka tare ka yanko takarda ka rubuta sunanka ka manna da salatif, kuma sunan da fasfo ya nuna a matsayin sunan dangi za ka sa, ba wanda ake kiranka da shi a gida ba, mu da muke da sunaye uku-uku nan ake samun tangarɗa. Ta wannan akwatin lambar haraji za ta zo, katin banki ya zo a ambulan ɗaya lambar sirrinsa a wani ambulan daban, katin inshorar lafiya ma haka, in ba a ga sunanka ba sai a mayar da su kai kana zaune kana jira.

Wasiƙa kuwa kar ka taɓa ajiye ta wai sai ka samu mai karanta maka. Buɗe ta ranar, ɗauki hotonta waya ta fassara maka, ka nemo kwanan watan da suka ba ka. Akwai wadda za ta zo kan kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida ko kana da talabijin ko babu, in kuna zaune da wasu a gida ɗaya mutum ɗaya ke biya ku raba. Mutane na share ta suna ganin ai ba ruwansu, bashi na taruwa. In wasiƙa ta fi ƙarfinka je wajen ƙungiyoyin agaji irin su Caritas ko Diakonie ko AWO, suna da masu ba baƙi shawara kyauta kuma ba sa tambayar addininka.

Haya iri biyu ake rubutawa, Kaltmiete kuɗin ɗaki zalla, Warmmiete har da ɗumama ɗaki da ruwa, ita za ka duba, wutar lantarki ma sau da yawa daban take. Kuɗin ajiya doka ta hana ya wuce hayar wata uku ta zallan, kuma kana da damar biya kashi uku. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje ka tura kuɗi ya aiko makulli, ɗan damfara ne. Kar ka yi mamaki in ka tarar da kicin fayau ba murhu ba wajen wanke-wanke, a shafin intanet na saye da sayarwa mai suna Kleinanzeigen ake samun na hannu. Da sanyi kuma ka riƙa wangale taga na 'yan mintuna safe da yamma, in ba haka ba bango ya yi funfuna a cire a kuɗin ajiyarka.

Lahadi manyan shaguna a rufe suke, yi cefane Asabar. Daga ƙarfe 10 na dare a rage murya, har kiran bidiyo da 'yan gida. Robar ruwa kar ka yar, yawanci santi 25 ce in ka mayar da ita injin shago.

Naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa yake, manja da doya da garin rogo a Afro shop, wato shagon kayan Afirka. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa taho da abinka, amma kilishi da dambun nama da man shanu bar su a gida, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai. Masallaci sai ka bincika a taswirar waya don yawanci ba za ka ji kiran salla ba, wani a bayan shago yake, huɗuba da Turkanci ko Larabci. A Disamba magariba na yi tun wajen huɗu da 'yan mintuna, azahar da la'asar da magariba duk suna riskarka a aji ko wajen aiki, gara ka nemi ɗan wurin salla tun da wuri.

Sai babbar maganar, harshen. Don Allah ɗan uwa kar ka ce sai ka natsu za ka fara, shiga aji tun watan farko. Kusan kowane gari akwai Volkshochschule, makarantar manya ce mai sauƙin kuɗi, jami'o'i ma na da azuzuwansu. Matsalar mai Turanci ita ce Bajamushe na jin ka fara inda-inda zai juya zuwa Turanci don ya sauƙaƙa maka, kai ma ka ji daɗi, shekara ta zagayo ba ka iya bayanin ciwonka a gaban likita ba. Ka roƙe shi ya ci gaba da Jamusanci amma a hankali, akasari suna yarda. A ofis da wajen manya ka ce Sie, wato "ku" na girmamawa, du kuwa, wato "kai" ko "ke", sai wanda ya ba ka dama.

Zama da 'yan gida yana da daɗi kuma kana buƙatarsa, su za su nuna maka likita da shago, amma in su kaɗai ka sani da sauran ɗalibai masu Turanci, garin ba zai taɓa buɗe maka ba. Jamusawa ba sa ƙulla abota a bakin titi, a ƙungiya suke ƙullawa, Verein, na ƙwallo ko guje-guje ko lambu. Nemi ta unguwarku ka tura musu saƙo ko da Jamusancin waya ne, ka tambayi ranar atisaye, kuma ka isa kafin lokacin da suka faɗa da minti biyar.