Yadda ake samun karin kumallo kyauta a manyan otal-otal

Malamin jami'a daga Samaru da ke yawan zuwa taro Abuja, likitan Shika, ko ɗan kasuwar Sabon Gari da ba ya rasa Umara, duk suna iya karyawa kyauta a manyan otal-otal in suka tara kwanansu a kamfani ɗaya. Rajistar zama mamba a tsarin ladar da kamfanin otal ke yi wa baƙinsa kyauta ce a intanet. Matakin da ka taka, gwargwadon kwanan da ka yi a shekara, ne ke kawo abincin.

Fara da zaɓen kamfani. A Hilton Honors, matakin Gold ya isa: a otal-otal irin su Transcorp Hilton na Abuja, ana ba mamba karin kumallo, shi da mutum ɗaya da aka rubuta sunansa a ɗakin. A Amurka kuwa, tun 2021 wani ɗan kuɗin abinci suke warewa kullum, wanda sau da yawa ba ya kai kuɗin cin. Marriott Bonvoy ta fi tsauri. Gold ɗinta, mai kwana 25 a shekara, ba ta da abinci, sai ka kai Platinum da kwana 50, kuma ko da ita Ritz-Carlton ba ta bayarwa. Hyatt na neman kwana 60 kafin ka zama Globalist, amma tana ciyar da manya biyu da yara biyu, abin da ya dace da mai tafiya da iyali Makka. IHG, kamfanin da ke da Holiday Inn, sai Diamond, kwana 70. Ga wanda tafiyarsa ba ta wuce Abuja da Saudiyya, Hilton ta fi sauƙin kamawa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen kama ɗaki. Dole ka kama kai tsaye daga kamfanin, kamar ta manhajarsa ko shafinsa, da lambarka ta mamba, kuma sunan da ke kan ɗakin ya zo daidai da na fasfo. In ta Booking.com ko Expedia ka bi, ko ɗakin yana cikin kuɗin kujerar da ejan ɗin Umara ya haɗa, a ƙa'ida ba ka da alfarmar, kwanan ma ba ya shiga lissafi. Dalili kuwa, otal ya riga ya ba dillali la'ada. Haka in masu shirya taro suka kama ɗakuna a dunƙule: ka nemi a saka lambarka tun kafin ka taso daga Zariya, ka tambaya ko farashin da aka yi musu yana cikin wanda ake ƙirgawa.

Da ka isa wurin masu karɓar baƙi, kada ka yi saurin karɓar makulli. A Sheraton da Four Points na Marriott, haka ma otal-otal ɗin IHG, zaɓi ake ba ka tsakanin makin lada da ake tarawa da karin kumallo, kuma in ka yi shiru ana iya zuba maka maki. Ka ce abinci kake so, ka sa a rubuta sunan mai ɗakinka. Ka tambayi inda za a ci, domin wasu a falon manyan baƙi na sama suke ajiye shi, ba a babban ɗakin cin abinci ba. Alfarmar ta ɗakin da kake kwana ce kaɗai. Ɗakin Hajiya ko na yara da ka biya ba ya ciki, abincin da aka kawo maka har ɗaki ma biya za ka yi.

Lokacin azumi, ka nemi a mayar maka da shi sahur tun ranar farko, wannan yana hannun otal ɗin. A Turai, ka tambaya kafin ka ɗebi nama, saboda alade na yawan shiga abincin safe.

Ranar tafiya ka duba takardar kuɗi layi-layi. In an saka kuɗin karin kumallo, a cire shi nan take kafin ka sa hannu, don gyara bayan ka kama hanyar Kaduna yana ɗaukar kwanaki.