Kurakuran da ake yi wajen fita daga manhaja a shiga wata

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne share duk manhajojin da ke jere a allon waɗanda aka buɗe kwanan nan, da zaton hakan zai sa caji ya daɗe. Yawancin abin da ke wannan jeri ba aiki yake yi ba. Idan mutum ya bar manhaja ya shiga wata, Android ko iOS na iPhone kan dakatar da ta farkon ta zauna a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe abin da take aiki da shi, ba ta jan batir sosai, domin idan ya dawo ta ɗora daga inda aka tsaya. Wanda ya share ta ya tilasta wa wayar ta sake loda ta tun daga tushe, kuma wannan lodin ya fi jan caji. A 2016 Craig Federighi, shugaban sashen manhajoji na Apple, ya amsa wa wani mai tambaya cewa rufe manhajoji ba ya ƙara wa batir daɗewa. Manhajar da ta sanƙare ce kawai ta cancanci a rufe ta.

Manhajojin da ake cewa suna tsaftace waya ma gara a cire su, domin abin da suka kashe sake tashi yake yi.

Abin da ya fi damun masu ƙaramar waya kuwa shi ne asarar aiki. Mutum yana cikin cike fom ko tura kuɗi, ya leƙa saƙonni don kwafo lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turowa a yi amfani da ita sau ɗaya, ya dawo ya tarar komai ya koma farko. Sau da yawa RAM ce ta cika, sai wayar ta kashe manhajar da ke baya don ta samar wa ta gaba wuri. Gyaran shi ne a karanta lambar daga sanarwar da ta sauko a saman allo ba tare da an fita ba, ko a raba allon biyu, wanda Android ta kawo tun fitowarta ta 7 a 2016. Dogon rubutu kuma a ajiye shi kafin a fita. Sai dai manhajar banki da ta nemi lambar sirri bayan an jima a waje da gangan take yi, don tsaron asusu.

Idan saƙonnin WhatsApp ba sa shigowa sai an buɗe shi, a duba saitin batir a cire masa takunkumin aiki a baya, a kuma duba ko tsarin tsimin data bai hana shi intanet ba.