Yadda Ake Gyarawa Idan SSH Ya Ƙi Gane Sunan Kwamfuta

SSH hanya ce ta shiga wata kwamfuta daga taka ta netwok. Kana son shiga ƙaramar kwamfutarka Raspberry Pi, ka rubuta ssh pi@raspberrypi.local kana jiran a tambaye ka fasuwod, sai kawai ya watso maka "Could not resolve hostname". Kar ka fara zare wayoyi tukuna ɗan'uwa, sau da yawa na'urar lafiyarta lau, sunan ne kawai ba a iya juya shi zuwa lamba ba.

Abu na farko, gwada da lambar IP, wato adireshin na'urar a netwok, kai tsaye, misali ssh pi@192.168.1.20. In ka shiga to matsalar suna ce. In ba ka shiga ba to wannan wata maganar ce daban, duba ko sshd, manhajar da ke karɓar SSH a na'urar, na aiki a kan port 22, wato ƙofar da SSH ke shiga, ko kuma kai da na'urar ba kwa kan rauta ɗaya.

Na biyu, in kwamfutarka Linux ce ka rubuta getent hosts raspberrypi.local. Ni getent nake so a fara da shi saboda ɗan'uwansa nslookup DNS kawai yake tambaya, wato sabar da ke juya suna zuwa lamba, ba ya leƙa /etc/hosts sam, fayil ɗin da ake rubuta sunaye da lambobinsu da hannu, sai ya nuna maka babu alhalin sunan na nan. Getent kuwa yana bin layin hosts da ke cikin /etc/nsswitch.conf ne, fayil ɗin da ke tsara inda za a nemi suna, wato hanyar da ssh ɗin ma zai bi.

Sunan da ya ƙare da .local yana tafiya ne ta mDNS, hanyar da na'urorin netwok ɗaya ke sanar da juna sunayensu, shi kuma sai manhajarsa avahi-daemon na gudana a na'urar da kake nema, yana magana ta port ɗin UDP mai lamba 5353, to in fayawol ya toshe wannan ko kuma ka hau wayfai na baƙi wanda rauta ke hana na'urori ganin juna, wallahi sai ka wuni kana nema ba za ka gan shi ba. Duba a kan na'urar da systemctl status avahi-daemon.

Amma gaskiya abin da ya fi cin mu a nan shi ne wuta. An ɗauke, an kawo, rauta ya sake tashi, DHCP, mai ba na'urori lambar IP a rauta, ya raba lambobi yadda ya ga dama, na'urar da take .20 jiya yau ta koma .14, kai kuma ka rubuta tsohuwar lamba a hosts. Shi ya sa nake cewa ka shiga saitin rautar ka ɗaure lambar da MAC, wato lambar shaidar katin netwok na na'urar, ta zauna guri ɗaya. Sannan ka sa ta tare da sunan a /etc/hosts na kwamfutarka, a Windows kuma yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, sai ka buɗe Notepad a matsayin admin kafin ya yarda ka adana, ka biyo da ipconfig /flushdns.

Ko mafi sauƙi ma ka buɗe ~/.ssh/config a kwamfutarka ka rubuta Host pi, a ƙasa HostName 192.168.1.20 da User pi, daga nan ssh pi kaɗai ya isa.

In ssh ya kawo gargaɗin cewa makullin da yake gane na'urar da shi ya canza, ka tabbatar ita ce ɗin tukuna, sannan ka goge tsohon da ssh-keygen -R 192.168.1.20.