Ƙaro karatun kasuwanci ba tare da ka bar kanti ba

Da farko ka sami maigidanka, ba a gaban masu saye ba. Ka ce, "Alhaji, ina son shiga karatun dare, a riƙa sallamata bayan la'asar." Ka zo da sunan wanda zai riƙe kanti, in ba haka ba da wuya ya yarda.

Sannan ka duba takardar shaidar karatunka. Mai BAC (shaidar gama sakandare) ya nemi BTS, wato babbar shaidar karatun sana'a ta gaba da sakandare, shekara 2 ne. Mai BEPC (shaidar gama ƙaramar sakandare) ya nemi BEP, wato shaidar karatun sana'a. Makarantun kuɗi sun cika Yamai, kada ka biya ko dala sai ka tabbata gwamnati ta san da wadda ka zaɓa. Ka leƙa FAFPA ma, wato asusun gwamnatin Nijar da ke tallafa wa horon sana'a.

Lissafin kaya da na riba da aka koya da dare, ka gwada shi da safe a littafin kanti.