Yadda ake canja kuros ɗin farfelar gaba a motar kat-kat mai ja da taya huɗu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Dabanga a watan Agusta ya san abin da laka take yi wa mota. Baƙar ƙasar nan ta karal idan ta sha ruwa kamar danƙo take riƙe taya, a nan ne kuma direba yake miƙa hannu ya sa kurabo, wato giyar da ke sa taya huɗu su ja. To, ranar ce farfelar gaba, sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba, take komawa aiki bayan ta shafe wata bakwai ko takwas a zaune. A Land Cruiser da Hilux masu hob ɗin da ake kullewa da hannu a tsakiyar tayar gaba, muddin mota tana 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma hob a buɗe, farfelar gaba ba ta juyawa ko kaɗan. Giris ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan mayo, wato rafi, ya biyo baya, tsatsa ta cinye alluran da ke cikin kuros, mai mota kuwa bai ji komai ba tunda abin ba ya motsi. Yawancin kuros ɗin gaba da na ciro, rashin kula ne ya kashe su tun kafin aiki ya gajiyar da su.

Kuros shi ne ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke haɗa farfela da filanja (faifan ƙarfen da ake ɗaurewa da notuna), wanda a garejin Marwa da Garwa za ka ji ana ce masa kurwaziyon, farfelar kuma kardan. Kowane hannu yana da kofi, a cikin kofin an jera siraran allurai na ƙarfe, sai roba mai tare giris, sai kilif da ke hana kofin fita. Kada a rikita shi da abin da ke bayan tayar gaba. A Toyota mai aksul ɗin gaba guda, irin Land Cruiser 79, haɗin da ke wajen taya mai ƙwallaye ne, Birfield ake ce masa, aikinsa daban. Tsohuwar Jeep Cherokee da Wrangler su ne ke da kuros a bayan taya, kuma sai an kwance taya da birki da hob an zaro shaf kafin a kai gare shi. Amma da zarar ƙarfen ya hau tebur, hanyar cirewa da sawa ɗaya ce.

Ka fara tabbatarwa shi ne

Idan ka sa 4H, wato taya huɗu na ja, ka ji ƙas lokacin tashi ko lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, ko ka ji kuka ƙyas-ƙyas mai bin gudun mota, ko rawa a ƙarƙashin ƙafarka, shiga ƙarƙashi. Kama farfela da hannu ɗaya, filanja da ɗayan, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka girgiza sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya wasa ko kaɗan. Jan gari kamar barkono a bakin roba alama ce ta allurai sun riga sun niƙe. Wani kuma ba ya wasa, ƙamewa yake yi, wannan sai farfela ta sauko ka lanƙwasa shi da hannu za ka gane.

Ka je shago da tsohon, ko da lambar shasi. Kuros na kama da juna ƙwarai, bambancin milimita ɗaya a faɗin kofi ya isa ya ɓata maka yini. Na Toyota na asali ko na kamfanin GMB na gaske su nake so, kuma na jabu sun cika kasuwa, don haka buɗe kwali ka cire kofi ɗaya ka ga allurai a jere suke, babu giɓi. Sauran kaya: sifana biyu mai lamba 14 ga yawancin Toyota, hamma, sukudireba biyu, filaya, soket babba ɗaya da ƙarami ɗaya, bayis (mamatsin ƙarfe na kan tebur), alli ko fenti, kalanzir, sanfefa mai laushi, da famfon giris.

Sauko da farfela

Ajiye mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ja birkin hannu, sa waigi gaba da bayan taya. Land Cruiser tana da tsawon da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba tare da jak ba. Idan dole sai an ɗaga, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, kada a yarda da jak shi kaɗai ko bulo.

Kafin sifana ta taɓa noti, ja layi da fenti daga farfela zuwa filanjar aksul, wani layin zuwa filanjar taransfa (akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya), na uku a wurin da farfelar take zugewa ciki da waje. An daidaita nauyinta a masana'anta a yadda take, idan ka mayar da ita a karkace za ta yi rawa ko da kuros sabo ne fil. Noti huɗu ne a kowane gefe. Sa 4H da giya ɗaya don ta tsaya cak ka sassauta waɗanda hannu ya kai, sannan ka mayar 2H ka juya ta ka kai ga sauran. Tallafe ta da kyau lokacin da na ƙarshe ya fita, tana da nauyi, kuma kada ka bari ta rabu biyu.

Idan ka tarar da kuros biyu a manne wuri ɗaya, kamar yadda yake a wasu Hilux, akwai ƙwallo a tsakaninsu da ke buƙatar wanda ya saba. Kada wannan ya zama aikinka na farko.

Cire tsohon

Wanke wurin da kalanzir har ka ga ƙarfe. A yawancin Toyota kilif ɗin yana ciki, a jikin kofi, ta wajen cikin kunnen farfela, wato ƙarfen mai rami da kofin ke zaune a ciki. Ɗan buga kofin ciki kaɗan don ya saki, ka sa sukudireba biyu a bakunan kilif ka tunkuɗa shi waje. Rufe da tsumma, yana tsalle ya ɓace cikin yashi. A wasu motocin kilif ɗin a waje yake, filaya ce take cire shi.

Yanzu sa kunnen farfela a bayis: ƙaramin soket a kan kofi ɗaya, babban soket a ɗaya gefen yadda kofin zai faɗa cikinsa. Matsa a hankali. Kofi zai leƙo waje, ka kama shi da bayis ko filaya ka murɗa har ya fito, ka juya ka yi wa ɗayan haka. Inda babu bayis ana yi da hamma a kan katako, amma bugun ya sauka kan soket. Bututun farfela kuwa kada a matse shi, kada a buge shi. Siriri ne, in ya lotsa shi ke nan, rawar ba ta ƙarewa. Ƙananan ƙarafan da ka ga an liƙa a jikinsa na daidaita nauyi ne, a bar su.

Duba ramukan. Goge tsatsa da sanfefa sama-sama, ka kankare mazaunin kilif. Idan sabon kofi yana shiga rami da yatsa kawai, ramin ya buɗe, kunnen ya tashi aiki. A nan ne wasu suke ɗauko walda su ɗiga wa kofi. Na taɓa ganin farfelar da aka yi wa haka ta tsinke tsakanin Waza da Kuseri, ta fasa murfin taransfa, mota ta kwana biyu a daji da kayan mutane. Zafin walda yana ƙona roba da giris tun a gareji. A nemi wani kunnen ko wata farfelar.

Sa sabon

Nan ne ake son natsuwa. Cire kofuna huɗun a hankali, ka shafa giris da yatsa a kan allurai don su manne a bango. Shigar da kuros cikin kunne, bakin giris yana kallon inda na tsohon yake kallo, in ba haka ba famfo ba zai kai gare shi ba bayan an ɗaura. Sa kofi na farko ya shiga rabi, ka tura hannun kuros cikinsa ya riƙe allurai, ka matsa da bayis. Sa na biyu, ka ja kuros ya tsaya tsakiya yadda hannayensa biyu suna cikin kofuna biyu, sannan ka ci gaba da matsawa kana motsa shi da yatsa.

Idan kofi ya tsaya, saura ƙiris mazaunin kilif ya bayyana amma ya ƙi, dakata. Allura ɗaya ce ta kwanta a gindin kofi. Ƙara ƙarfi zai karya ta ko ya fasa kofin. Fitar da shi, tayar da ita, sake farawa. Yaran gareji da yawa a nan suke asarar sabon kuros, don suna jin kunyar cewa maigida a sake.

Sa kilif, ka tabbata kowanne ya zauna a raminsa zagaye. Toyota tana yin su kauri daban-daban, ana so na gefe biyu su zama kauri ɗaya, wasan da ya rage kuma kada ya wuce milimita 0.05, wato hannu ba zai ji shi ba. Bayan haka ɗan ƙwanƙwasa kunnen da hamma ta kowane gefe don kofuna su koma jikin kilif. Kuros ya riƙa lanƙwasa sumul ta kowace fuska, ba tauri, ba sako-sako.

Mayarwa da gwaji

Daidaita layukan fenti, ɗaura notuna da hannu duka kafin ka ƙara musu ƙarfi, kana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. Buga giris mai lamba 2 har sabo ya fito ta robobi huɗun. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, motsa farfelar ka sake bugawa, domin wancan kofin a bushe yake. Wurin zugewa kuwa bugu biyu ko uku ya isa, in ka cika shi zai riƙa tura boris ɗin taransfa.

Kada ka gwada 4H a kan kwalta, yana ɗaure giya. Kulle hob, bar ta a 2H, ka hau titi: farfela za ta juya ba tare da nauyi ba, kuma in akwai rawa za ka ji. Daga nan sauka kan turɓaya ka sa 4H, ka tashi, ka tsaya, ka yi baya. Dawo ka sake bin notuna da sifana. Littafin Toyota ya ce a riƙa tafiya da hob a kulle kilomita 16 a kowane wata ko da rani ne, kuma duk ranar da ka ƙetare mayo har ruwa ya taɓa farfela, ka buga giris kafin mota ta kwana.